Ɗaya Cikin Huɗu

"Mama, wai da gaske ni na shanye ciwon duka, ban rage wa Auta ba?"

Ƙafar uwar ta tsaya cak a kan keken ɗinki. 'Yar farinta ce ke tambaya, yarinyar da ke fama da sikila tun tana goye. Tana zaune a ƙasa tana wasa da gwangwanin maɓallai.

"Wa ya gaya miki?"

"Kaka."

Kakar, wato uwar mijin, tana bakin ƙofa da Auta a cinya tana jijjiga shi. Tun safe yake tsala kuka, ya ƙi nono.

"Ni na faɗa," in ji tsohuwar. "Ba likita ne ya ce ɗaya cikin huɗu ba? To ga ɗayar nan Allah ya ba mu, saura uku lafiyayyu. Wannan maigidan nawa haƙori ne zai fito masa. Raki gare shi kamar ubansa."

Da wannan lissafin ne aka ƙi kai Auta gwajin jini bayan haihuwarsa. Ita ma uwar ta yi shiru a lokacin, don maganar ta yi mata daɗi a kunne.

Ta tashi ta karɓe shi. Jikinsa zafi rau. Ta kama hannunsa za ta cire masa riga, sai ya ƙwalla ƙara har numfashinsa ya ɗauke. Bayan hannun ya kumbura suntum, fatar tana sheƙi. Ta duba ƙafafu, su ma haka. Ta san wannan kumburin, da shi ciwon yayarsa ya fara.

Ana cikin haka mijin ya shigo cin abincin rana, da jakar kayan gyaran wutarsa a kafaɗa.

"Baban yara, ajiye jakar nan ka tare mana mota. Asibiti za mu."

Ya dubi hannun, ya dubi mahaifiyarsa. "Anya ba ƙwaro ne ya cije shi ba? Ke ma kin san ba zai yiwu ba. Ɗaya cikin huɗu aka ce mana."

"Ke kam kin cika jawo wa yaro mugun abu da bakinki," in ji Kaka. "Kawo shi in shafa masa mai."

Uwar ba ta miƙa shi ba. Ta sa hannu ɗaya cikin gwangwanin, ta zaro maɓalli fari da baƙi ta danƙa wa mijin, ta ɗebi irinsu ta riƙe.

"Kai AS, ni AS. Farin shi ne A, baƙin shi ne S. Kowane yaro ɗaya yake ɗauka a wurinka, ɗaya a wurina. Wannan yarinyar baƙi ta ɗauka a wurinmu duka, shi ya sa take SS. Buɗe hannunka."

Ya buɗe.

"Baƙin ya tafi?"

Ya dubi maɓallan biyu a tafin hannunsa.

"Yana nan, Baban yara. Nawa ma ga shi. Likita cewa ya yi ɗaya cikin huɗu a kowane ciki. Kowane ciki! Mu ne muka jefar da wannan kalmar don ba ma son jin ta."

Auta ya daina kuka, ya koma wani nishi ƙasa-ƙasa, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Wannan ya fi kukan tayar mata da hankali. Ba ta ƙara jiran kowa ba, ta goya shi ta fita titi da silifas wari da wari. Kafin ta kai bakin kwalta mijin ya wuce ta da gudu yana ɗaga wa motoci hannu.

A asibiti nas ta taɓa goshin yaron, ta juya hannunsa, ta ji cewa yayarsa na da sikila, sai ta wuce da su gaban layi. Aka ɗaura masa ruwa, aka ɗebi jini. Uwar ta riƙe ƙafarsa a hankali don kada ya fizge allurar.

Zazzaɓin ya sauka. Da sakamakon ya fito, likita ta zaunar da su ta ce SS ne. Ta ce da an gwada shi tun farko, da tuni yana shan maganin kariya. Mijin ya sunkuyar da kai. Uwar kuwa ta tambayi lokacin shan maganin da yadda ake auna shi.

Ke mai karatu, idan ke da mijinki AS ne, kada wani ya ƙirga miki 'ya'ya ya ce kin tsira. Ki kai kowane jariri gwaji da wuri. In kuma kin ga zazzaɓi da kumburin hannu ko ƙafa, kada ki tsaya jiran izinin kowa.