Ina Garin Inna Zekiye?

"Kada ka tone shi!" in ji Inna Zekiye daga kan gado. "Hayri, in ka taɓa shi ban yafe maka ba."

Ɗanta Hayri yana tsugune a gindin taga da cokali a hannu, ya sa tsohon gwangwanin man zaitun a gaba. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya Gulizar, ki yi mata magana mana. Ke take ji."

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata a garin Yozgat tun ina amarya. A gwangwanin nan take shuka cidem, furen da ke tsirowa daga 'yar albasa da zarar dusar ƙanƙara ta fara narkewa. Namu na kan tudu ruwan ƙwai ne. Nata fari ne, da zane-zanen shuɗi a bayan ganyen.

Tana ƙarama aka kawo ta garin nan bayan rasuwar iyayenta, wani mai alfadari ya danƙa ta ga mutanen da suka raine ta. Ba ta riƙe sunan ƙauyensu ba. Abin da ta zo da shi kawai 'yan albasar cidem ne a aljihu, irin waɗanda yara ke tonowa su ci. Ta ci wasu, ta binne sauran. Yanzu da likita ya ce a mai da ita gida, magana ɗaya take maimaitawa, a kai ta garinsu a binne.

"Wane garin, Inna?" na tambaye ta.

"Inda ruwa ke magana a ƙarƙashin dutse."

Jiya kuwa cewa ta yi inda awaki baƙaƙe suke.

Hayri ya riga ya tura hoton furen ga wata malamar tsirrai a jami'a. Ta ce cidem iri-iri ne, kowanne da dutsensa, amma fure kaɗai ba ya nuna asali, sai ta ga ɓawon albasar.

Na zauna a bakin gadon. "Inna, guda ɗaya tak. Don a gane hanyar gidanku."

Ta daɗe tana kallona. "Ke 'yar wa ce?"

"Gulizar ce, mai cinye miki jiƙaƙƙen kabejinki mai tsami."

"Ɓarauniya," in ji ta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Miƙo min. Wannan mai hannun katako zai sare shi."

Da yatsunta ta tono guda. Ta ɓare ta a hankali, kafin mu ankara ta jefa a baki.

"Inna!" Hayri ya yi tsalle.

Ta tauna, ta tauna. Sai fuskarta ta canza.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "Namu ya fi zaƙi. Wa ya sauya min?"

Hayri ya tsince ɓawon daga kan bargo, ya shimfiɗa a farantin shayi ya ɗauki hoto ya tura wa malamar.

Amsar malamar ta iso washegari da hantsi. Ya karanta min a tsakar gida, ya sake karantawa. Ɓawon ya yi kama da na wani iri da ke duwatsun kudu, amma ana samun ɗan'uwansa a wurare da dama, har da lardinmu. Kuma shuka da ta shekara haka a gwangwani, ba za ta iya rantsewa a kanta ba.

"To kudu ne ko nan?" ya tambaye ni.

"Wallahi ban sani ba, Hayri."

Muna tsaye matarsa ta fito bakin ƙofa, ta kama ƙyauren da hannu biyu. Ba sai ta faɗa ba, Inna Zekiye ta cika.

Liman ya tambayi inda za a haƙa kabari. Hayri ya sake kallona kamar ni na haife ta. A ƙarshe kusa da mijinta aka sa ta, bayan azahar. Har yau ban san ko mun cika mata alkawari ko mun saɓa ba.

Da yamma na fitar da takalmanta bakin ƙofar gida kamar yadda muke yi in an yi rasuwa, don mabuƙaci ya ɗauka. Masu gaisuwa suna ta kewaye su. Ruwan ƙanƙara na ɗigowa daga indararo, yana taruwa a cikin na hagu.