Zomon Tapio

Ƙarfe uku na rana, lokacin shan kofi, Tapio Kekäläinen ya shiga ɗakin hutun masu bincike, tsohon littafin awonsa na cikin ledar kanti. Shekara goma rabonsa da gidan binciken nukiliyar, amma ƙaurin kofin da aka manta a kan wuta yana nan yadda ya bar shi.

Aikinsa a da harba zomo ne. Haka suke kiran ɗan gwangwanin da ake saka ƙwayar yuraniyam a ciki, a yi mata ruwan niyutiron, wato 'yan mitsi-mitsin sassan ƙwayar zarra, ta farfashe, sannan iska ta cilla shi ta bututu zuwa na'urar ƙidaya cikin rabin daƙiƙa. Yawancin niyutiron ɗin da fashewar ke haifarwa nan take suke ficewa. 'Yan kaɗan ne ke jan ƙafa, su fito daga baya, kuma da su ake riƙe linzamin tukunyar nukiliya. 'Yan latti mutanen gidan suke ce musu, su ne Tapio ke ƙirgawa.

Wata shekara aka ƙara ƙarfin ruwan niyutiron ɗin, sai 'yan latti suka ragu. Aka sake ƙarawa, suka sake raguwa. Farfesa Sixten Bramberg kuwa ya riga ya shaida wa duniya cewa adadinsu ba ya motsi, don haka ya ce zomo ne ya yi nawa a hanya. Ya watsar da awo huɗu, ya rubuta a gindin takardarsa cewa sakacin ma'aikaci T. Kekäläinen ne. Aka mayar da Tapio sito yana raba safar hannu har ya yi ritaya. Abin ya ci masa rai, kuma har yau yana ci.

Sai makon jiya Sixten ya kira shi a waya. Wasu masu bincike a Faransa sun auna, sun ga raguwar daidai inda Tapio ya gan ta.

"Tsohon Tapio, ashe ba ka mutu ba," in ji Sixten, da ke jiransa a ɗakin hutun, yana tura masa farantin burodin kirfa.

"Sai na ga jana'izarka tukuna."

"Bakin nan dai bai tsufa ba. Ka zo da littafin?"

"Na zo da shi. Layin nan nake so a janye, Sixten."

"Wane layi kuma?"

"Ka san shi."

"Haba, wa yake karanta gindin takarda?"

"'Yata ta karanta. Da ta shiga jami'a ta nemi sunan gidanmu a kwamfuta, abin da ya fito ke nan."

Sixten ya kakkaɓe ɓurɓushi daga rigarsa. "Abin da aka buga an buga, ba a taɓa shi. Amma za mu fitar da sabuwar takarda. Faransawan nan suna ta cika baki wai su suka fara gani, alhali mu muka riga su da shekara ashirin da shida."

Mu. Ka ji mutum, ko kunya babu.

Tapio ya dafa ledar. Kowane harbi yana ciki, da lokacinsa, da rubutun hannunsa. In ya koma gida da littafin, zai mutu da sunan mai sakaci. In ya bayar, Sixten ne zai hau mumbari a taron masana na bazara a tafa masa. Ya kurɓi kofi. Ya tura ledar.

Sixten ya buɗe, yana bin layukan da ɗan yatsa. "Rabin daƙiƙa, rabin daƙiƙa, rabin daƙiƙa. Kai, aikinka tsaf yake. Dama ni ban taɓa shakkarka ba." Ya zaro biro daga aljihu, ya jawo takardar goge baki. "Zan sa ka cikin waɗanda muke godewa a ƙarshe. Yaya ma ake rubuta sunan nan naku na Finlan? Ɗigo-ɗigon nan ke ruɗa ni."

Tapio ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Duba tsohuwar takardar," ya ce. "A can ko ɗigo ɗaya ba ka kuskure ba."

"Af, haka ne fa," in ji Sixten, ya mayar da biron aljihu.