Hoton Sanarwar Abu Riyad

"Wannan ni ne, ko wani ango ka ɗauko mini?"

Abu Riyad ya cillo mini hoton daga kan gadonsa. Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa, amma da aka zo wulaƙanta ni sai ga ƙarfi.

Shekara talatin shagon hotonsa na kallon nawa a tsohuwar kasuwar birnin Saida. Kullum da safe sai ya tsallako da kofinsa, ya tsaya gaban gilashina yana kushe hotunan da na kafa: wannan ka yanke masa ƙafa, waccan ka ƙone ta da haske. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa madalla ba. Wallahi na tsane shi, kuma kalmar nan guda nake jira daga bakinsa.

Da likita ya sallamo shi gida, ni ya aika a kira in ɗauki hoton da za a buga a takardar sanarwar rasuwarsa, wadda ake mannawa a bango. Na ɗauka, wajen gyaran hoton na cike masa kumatu, na goge ramin idanunsa, na kai masa.

"Tausayinka na ji," na ce.

"Riƙe tausayinka, Wafik. Maƙaryaci kawai! Wa zai gane ni a bango?"

Raina ya ɓaci. "Kai ne za ka ce mini maƙaryaci? Duk amaren garin nan fuska ɗaya ka ba su da fensirinka na gyaran hoto. Uwa ma ba ta gane 'yarta a hotonka!"

Matarsa, Imm Riyad, ta ajiye faranti. "Haba Wafik, mara lafiya ne fa."

Ya daɗe yana huci. "Tun yaushe ka lura?"

"Tun ranar da na buɗe shago."

"Shekara talatin kana gani ka yi shiru? Ni kullum ina ba ka gaskiya kyauta, kai ka hana ni taka. Allah ya isa, munafuki." Ya nuna taga. "Buɗe. Sake ɗauka."

Na ɗauke shi yadda yake, ƙashi da fata, yana hararata. Na je na wanko na kawo. Ya kai shi dab da hancinsa.

"Haske ya yi yawa a kunnen hagu."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Me kake so, guɗa?" Ya miƙa wa matarsa. "Wannan za a buga."

Ranar Alhamis ya cika. Bayan an kai shi, na tarar an manna takardar a gilashin shagona, daidai inda yake tsayawa. Na sa farce zan ɓare, sai na fasa. Na tsaya ina dubawa, shi ma yana hararata. Kunnen hagun nan kuwa, hasken ya yi yawa.