Hanta a Jakar Yaya

Sau uku Yaya ta ja igiyar, sau uku Kwali ta kafe ƙafafu a bakin ƙofar tasi ta ƙi shiga. Direban ya leƙo ta taga.

"Baiwar Allah, in ba za ta hau ba ku sallame ni. Dama ba a son raina zan ɗauki kare ba."

"Ai mun shimfiɗa zani a kujerar," in ji Yaya. Ta sunkuya, ta sassauta murya. "Haba Kwali. Ni ce fa."

Kwali ta kawar da kai tana kallon ƙofar gida. Sai ga Auta, ƙanwar Yaya, ta fito da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta zagaya ta ɗaya ƙofar ta zauna, ta bugi cinyarta sau ɗaya tak.

"Zo nan, 'yar gidana."

Igiyar ta suɓuce daga hannun Yaya. Kafin ta miƙe, Kwali ta riga ta ɗora haɓa a kan gwiwar Auta, kumburarren cikinta yana hawa yana sauka. Yaya ta shiga gaba kusa da direba, ta ɗora jakarta a cinya, ta riƙe bakin jakar gam.

Ita ce fa ta tsince ta. Kusan wata takwas ke nan, a bayan ɗakin gwaje-gwajen asibitin da take aiki, idanu ko gama buɗewa ba su yi ba. A kwalin safar hannu ta kawo ta gida, daga nan sunan ya bi ta. Ita ta shayar da ita madara da sirinji, ita ta sha faɗan Mama, ita ta cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Sai Auta ta gama karatu ta dawo gida. Mako biyu ba su cika ba Kwali ta kwashe tsummanta a baki ta koma ƙofar ɗakin Auta. Yanzu in Yaya ta dawo daga aiki, kaɗa wutsiya biyu take samu, irin gaisuwar da ake yi wa mai karanta mitar wuta.

A asibitin dabbobi sun tarar da wani tsoho a benci da kyanwa a cikin kwando. Ma'aikaciyar da ke rijista ta ɗago kai.

"Wace ce mai ita?"

"Ni ce," suka ce a tare.

Ma'aikaciyar ta dubi inda Kwali ta lafe, tsakanin ƙafafun Auta, sai ta miƙa wa Auta katin. Yaya ta ga sunanta a jikinsa, da rubutun hannunta tun ranar allurar rigakafi.

Likitar mace ce mai furfura a goshi da manyan hannaye. Ta ɗora Kwali a kan teburin ƙarfe, ta lallatsa cikin, ta duba nonuwan, ta yi wani ɗan tsaki.

"Tsutsar ciki kuka ce a waya?"

"Haka muke zato," in ji Auta. "Ko kuma ƙiba. Tana ci sosai."

"To bari mu ga tsutsar nan."

Likitar ta aske ɗan wuri, ta shafa mai, ta ɗora kan na'urar hoton ciki. A allon, cikin duhu-duhu, wasu ƙananan abubuwa suna motsi da sauri kamar fuka-fukin ƙwaro. Yaya ta gane su kafin likitar ta buɗe baki. Ta ƙirga a zuci. Biyar.

"Ga tsutsarku nan, har da zuciya," in ji likitar. "Mako biyar, ko ya ɗan ɗara. Yarinya ce ɗauke da yara. Ita kanta ƙashinta bai gama girma ba. Wa ya bar ta ta fita?"

Auta ta dafe baki. "Wayyo, ni ce. Sakatar ƙofar gida ce. Ranar da na je karɓo saƙo na manta ban saka ba, Mama har ta yi mini faɗa."

"Kun ga namijin? Babba ne ko ƙarami?"

"Ban ga komai ba, Likita. Ni na same ta a tsakar gida."

Yaya kuwa ta gan shi. Wani ƙaton jan kare ne na garejin bakanike, tsayinsa ya kai ƙugunta. Ba ranar sakata ba ce. Tun da Kwali ta juya mata baya, Yaya ta ɓullo da wata dabara: kowace safiya kafin aiki, Auta na barci, sai ta soya hanta ta ƙulle a leda, ta ja Kwali zuwa filin da ke bayan tankin ruwa. A can take kwance mata igiya. Dalili ɗaya ne. Idan ta ɗaga yankan hanta ta kira, Kwali takan taho a guje, kunnuwa a baya, kamar babu wata a duniya sai ita. Don wannan gudun kawai take tashi da wuri. Ta ga ɗigon jini a siminti a makon da abin ya faru, alamar lokacin barbara, ta ce a ranta kaska ce, ai wannan jaririya ce. Ita da take wuni tana duba jinin mutane. Rannan ta kira, ta sake kira, Kwali ba ta zo ba. Da ta zagaya bayan tankin, aikin gama ya gama.

Duk wannan yana bakinta. Amma ta dubi yadda Kwali ke lasar hawayen da ke gangarowa a hannun Auta, sai ta ji wata magana dabam ta fito.

"Sau nawa na ce miki ki riƙa saka sakatar nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. Wani ɗan daɗi ya ratsa Yaya, mai ɗumi, mai ƙazanta, bai kuma daɗe ba.

Likitar ta goge hannu ta zauna. "Hanya biyu ce, 'yan mata. Ko a yi mata aiki yanzu a cire mahaifar gaba ɗaya, ba ita ba haihuwa har abada. Ko a bar ta ta kai wata biyunta. Ba zan ɓoye muku ba, wasu suna haihuwa lafiya. Amma ƙugun wannan ƙarami ne. In uban babba ne, ɗan farko zai iya tokarewa, kuma ba kullum ake iso da su nan a kan lokaci ba. Ku fita ku yi shawara. Wadda sunanta ke kan kati ita za ta sa hannu."

Suka koma benci. Tsohon mai kyanwa ya matsa musu, kyanwar tana yi wa Kwali huci ta ramukan kwando.

"Yaya," in ji Auta a hankali, "mu bar mata abinta mana. Zan kula da ita, ai ina gida. Kuma kin ga, in ta haihu sai ki zaɓi ɗaya ya zama naki."

"Ya zama nawa."

"E mana. Naki ke kaɗai."

Babu mugunta a fuskarta ko kaɗan, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Yaya ta so ta ce, wannan ɗin ta wa ce? Amma maganar ta riga ta shige ta. Ta hango ɗan kwikwiyo ja, a cikin kwali, a ɗakinta, ƙofa a rufe. Wannan karon ba za ta bari kowa ya ba shi ko ruwa ba. Har ta fara laluben suna. Sai Kwali ta juya kwanciya da ƙyar, ta yi ɗan nishi, Yaya ta ga siraran ƙafafun bayanta, ta tuna faɗin kan jan karen nan.

Ta miƙe ta karɓi takardar amincewa da aikin a wurin ma'aikaciya, ta sa hannu.

"Ko shawara ba za ki yi da ni ba?" in ji Auta.

"Sunana ne a kati."

Da suka koma ciki, likitar ta duba takardar ta gyaɗa kai. "Kin kyauta mata. Tunda cikinta babu komai, yanzu ma sai mu shiga. An hana ta abinci kamar yadda na ce, ko?"

"Tun jiya da yamma," in ji Auta. "Ni da kaina na ɗauke kwanonta na ɗora a kan firji. Tana ta bina tana kuka, ban ba ta ba."

"Madalla. Don in da abinci a ciki, allurar barci za ta iya sa ta amai, ya koma huhu. Nan take ake rasa su."

Ta fasa 'yar kwalba, ta zuƙe ruwan a sirinji, ta ɗaga shi sama tana ƙwanƙwasawa da farce. Ma'aikaciyar ta kama ƙafar Kwali ta gaba tana neman jijiya.

Yaya ta ji jakarta ta yi nauyi a kafaɗa. Ɗazu da safe, Auta na wanka, Kwali ta zo ƙofar kicin da yunwa, ta zauna a gabanta, ta ɗaga mata ido. Rabon da ta zo wurinta da kanta, a cikin gida, ba a fili ba, har ta manta. Yanka uku ta yi niyya. Ba ta san lokacin da rabin ledar ya tafi ba.

Auduga ta taɓa ƙafar. Ƙanshin sifirit ya tashi.

"Likita, tsaya."

Muryar Yaya ta fito siririya, sai da ta maimaita. Ta zuge jakar, ta ciro ledar da mai ya jiƙe, ta ajiye a gefen teburin. Kwali ta ɗago hanci nan da nan.

"Ta ci hanta. Ƙarfe bakwai da rabi. Da yawa."

Likitar ta mayar da murfin allurar, ta ajiye sirinjin. Yaya ta ci gaba, idonta a kan ledar. Ta faɗi filin, ta faɗi tankin, ta faɗi igiyar da take kwancewa, da ranar, da girman jan karen. Ta ce sakata ba ta da laifi.

"To," in ji likitar. "Da kin ƙara minti ɗaya da sai dai mu yi wata maganar. Ku dawo da ita ƙarfe huɗu. Ke kuma, 'yar asibiti, ko miyau kar ki ba ta."

Ba su koma gida ba. Suka zauna a inuwar barandar asibitin, benci ɗaya, tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Motoci suna wucewa. Tsohon ya fito da kwandonsa, ya yi musu sallama, babu wadda ta amsa da ƙarfi.

"Kika tsaya kina kallona ina kuka," in ji Auta can. "Har da 'sau nawa na ce miki'."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ni har na fara tunanin yadda zan gaya wa Mama." Ta share hanci da bayan hannu. "Toshiyar baki kike ba ta ashe. Ni ina ta murna girkina ne ya karɓe ta."

Yaya ba ta yi dariya ba. "Me kike yi mata ne? Gaya mini. Me kike ba ta da ban ba ta ba?"

"Ni? Babu abin da nake ba ta. Ina gida ne kawai." Auta ta ja kunnen Kwali a hankali. "Ke kina da farar riga, kina da inda ake jiranki ƙarfe takwas. Ni takardar neman aiki nawa na aika? Duk garin nan babu mai nemana sai wannan. Ita ma ɗin so kike ki ƙwace."

Yaya ta sauke ido. Ta daɗe tana kallon ƙafafun ƙanwarta. Sai yanzu ta lura takalmin da Auta ta saka tsohon nata ne, wanda ta daina sakawa bara.

Ƙarfe huɗu ma'aikaciyar ta leƙo. "Mutum ɗaya ya shigo ya riƙe mata kai har ta yi barci. Wadda ta fi sabawa da ita."

Auta ta dubi Yaya. Kati dai sunan Yaya ne a kai.

"Shiga mana," in ji Yaya. "Tsayuwar me kike yi?"

Aka rufe ƙofa. Yaya ta zauna da igiya a hannu, tana naɗe ta a yatsa tana warwarewa. Ledar hantar tana jakarta, ma'aikaciyar ta dawo mata da ita. Ta ciro, ta kai kwandon shara, ta tsaya a kansa kamar mai jiran wani ya hana ta, sannan ta saki. Akwai famfo da sabulu a gefen ƙofa. Ta kalle su, ta koma benci ba ta wanke hannu ba.

Rana ta yi sanyi kafin a kira su. Kwali tana kwance a kan bargo a cikin keji, cikinta a ɗaure da bandeji, harshe ya ɗan leƙo. Likitar ta ce aiki ya yi kyau, ta ce da an bar 'ya'yan da ba za su fito ta hanya ba. Su biyun suka durƙusa a bakin kejin, kowacce ta zura hannu.

Kwali ta buɗe ido ɗaya. Hancinta ya motsa, ya yi dama, ya yi hagu. Da ƙyar ta ja kanta a kan bargon, ta wuce hannun Auta, ta sa busasshen harshenta a yatsun Yaya, ta shiga lasa.

"Kin gani?" in ji Auta. "Da ta ji wuya ai uwarta ta nema."

Yaya ta san ƙanshin da ke jikin yatsun nan. Ta dubi Auta, ta ga gefen bakinta yana motsi, ta gane ita ma ta sani.  Yaya ta ƙara tura hannun cikin kejin.