Muryar Mai Magana na Sha Bakwai

A cikin kundina sunansa Mai Magana na Sha Bakwai. A unguwar Al Muntazah kuwa Mofiz ne, tela ɗan Bangaladash mai shago a bayan wani gidan shayi. Shi kaɗai na samu a Doha da ya iya yanka atamfa bai raba furenta biyu ba. Shekararsa ashirin da shida a garin.

Na zo digiri na biyu a ilimin harsuna a watan Agustan 2019, kuma duk bincikena a kan kalma guda ne: desh. A Sanskrit, tsohon harshen Indiya, desha wuri ne, irin wanda za a nuna maka da yatsa. A bakin mai jin Hindi da ɗan Nepal ta zama ƙasa mai tuta da fasfo. Mutanen Kerala da ke kudancin Indiya kan ce desham, suna nufin yankin ƙauyensu. Ɗan Bangaladash kuwa, ko yana zaune a babban birninsu, in ya ce zai je desh, ƙauyen kakanninsa yake nufi. Aikina shi ne in bi ma'aikatan da ke Doha in tambaye su abin da kalmar take nufi a wurinsu, in ɗauki muryarsu.

An sha yi mini dariya. Yayana a Malumfashi ya ce mini a waya, "Barira, duk harsunan duniya sai na masu rawa a kan dutse? Fim za ki dawo kina fassara mana?" Ni na zo ta ɗaya a ajinmu, shi sai da ya maimaita shekara.

Sai korona ta rufe gari. Na yi azumi ni kaɗai, na yi salla ni kaɗai, na ci kwalliya na zauna a bakin gado. Ban tafi gida ba, domin wanda ya fita a lokacin ba shi da tabbacin dawowa. Na duƙufa koyon yaren Bangala, harshen mutanen Bangaladash, har na fara mafarki da shi.

Da aka buɗe shaguna na je wurin Mofiz da na'urar ɗaukar murya ta jami'a da takardar amincewa. Na karanta masa a hankali, kowa da takunkumi a fuska.

"Madam, wa zai ji?" ya tambaya.

"Ni da malamata. In na gama karatu za a goge."

"Mutanen gida fa?"

"Ba za su ji ba."

Sai ya ɗauke ƙafarsa daga keken ɗinki. Minti arba'in da biyu ya yi yana magana. Ya fara da Turanci da Larabcin kasuwa, daga baya ya manta da ni ya zarce da yarensu. Ya bi hanyar gidansu taki-taki: inda ake sauka daga bas, kwale-kwalen da ke ƙetare kogi, siririyar hanya tsakanin gonakin shinkafa, bishiyoyin kwakwa uku, kududdufin da ya koyi iyo a ciki. Yana dariya. Can kuma muryar ta sauka. Ya ce in ya je hutu, 'yarsa kan kawo masa ruwa a kan faranti kamar baƙo. Ya ce a kwana na uku ake fara tambayarsa ranar komawa, shi ma kafin sati biyu kewar kekensa ta kama shi, har kunyar kansa yake ji.

"Desh yana nan, Madam," ya ce. "Ni ne babu."

A watan Afrilun 2021 na kai masa ɗinkin salla. Abokin aikinsa ya mayar mini da atamfata a leda. Korona ce ta ɗauke Mofiz. A nan Doha aka binne shi.

Na kare kundina a farkon Nuwamban 2022, gari ya cika da tutoci ana shirin gasar kofin duniya. Abu guda ya rage: in miƙa na'urar a goge ta, in sa hannu a kan cewa ban ajiye kwafi ba, ban bai wa kowa ba, jami'a ta sallame ni. An sa bikin ƙanwata Fausatu ranar sha bakwai ga Disamba, kuma don ni aka ja shi zuwa lokacin. Shekara uku da wata uku rabona da ganin Umma.

Saura kwana biyu in miƙa, saƙo ya shigo wayata da Turanci. Rokeya ce, 'yar Mofiz. Abokin aikin babanta ya koma gida, shi ya ba ta lambata. Ta ce babanta bai taɓa tura saƙon murya ba, kira kawai yake yi da ƙaramar wayarsa. Ta ce ta fara manta yadda muryarsa take. Ko minti ɗaya ne, in taimake ta.

Na je wurin malamata. Ta ce ba ta da ikon ba da izini, sai kwamitin da ke kula da haƙƙin waɗanda aka yi bincike da su, shi kuma ba zai zauna ba sai Janairu, domin an rufe makarantu saboda gasar. Na'urar ba ta fita daga ƙasar. Iƙamata kuma, wato izinin zamana, tana ƙarewa a ƙarshen wata. Ina da rangwamen wata uku in ina ciki, amma in na fita babu dawowa. Ko dai in miƙa a goge in tafi biki, ko in riƙe in zauna.

Ranar Juma'a na je cin abincin rana a unguwar Ain Khaled, gidan Kawu Mu'azu, injiniyan gas, abokin marigayi babana. Ana ƙwallo a talabijin. Ya saurare ni ido ɗaya a kan allo.

"Yo wannan ma har matsala ce? Kunna abin, ki kara wayarki, ki ɗauka, ki tura mata. Ki sa musu hannu. Khalas, shi ke nan."

"Takardar cewa ta yi ban bai wa kowa ba, Kawu."

"Wa zai sani? Kwamitin zai bi ki Bangaladash ne?"

"Ni zan sani."

"Ji mini 'yar boko! Uwarki sau uku tana kirana a satin nan. Me zan ce mata? Barira ta fasa zuwa saboda tela?"

"Ka ce mata ban iya sa hannu a kan ƙarya ba. Ita ta hana ni koyon ƙarya."

"To ki goge ki tafi. Ai alkawarin da kika yi masa ke nan."

"In na goge, yarinyar fa?"

Ya juyo ya dube ni sosai. "Taurin kan ubanki sak. Shi ma haka ya riƙa wahalar da mu. Yalla, ci abinci, kin rame kamar tsinke."

Kiran Umma ya fi wuya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "An ɗinka miki anko fa." Na ce na sani. Ta ce, "Allah ya sa haka ne ya fi alheri," ta miƙa wa Fausatu wayar. Fausatu ta kashe.

Na zauna. Duniya duka ta zo Doha, jirgin ƙasa cike da masu ganguna da fenti a fuska, ni kuma ina ɗaki a Al Mirqab da na'ura a cikin aljihun tebur. Ba na ƙarya: akwai ranar da na fito da ita, na ajiye wayata kusa da ita, na daɗe ina kallonsu. Na mayar. Ranar kamu wata 'yar ƙanwar Umma ta kira ni ta bidiyo, ta ɗaga wayar sama da kawunan mata. Na ga tsakar gidanmu, an sake fentin ƙofar ɗakin Umma ban sani ba. Na hango Umma ta wuce da kwano, ta ƙara tsufa, tana ɗan jan ƙafa, babu wanda ya gaya mini. Na kira ta, kiɗa bai bari ta ji ba. Sai layin ya yanke.

Kwamitin ya zauna a tsakiyar Janairu, mutum biyar a bayan dogon tebur. Wani ya ce doka doka ce. Na ce na sani, shi ya sa nake gabansu maimakon gidanmu. Na ce musu abin da Mofiz ya nemi a ɓoye wa iyalinsa zan ɓoye shi har in mutu, amma hanyar gidansu ba sirri ba ce, su ma sun san ta. Suka sa na kunna musu wurin, na fassara. Bayan mako guda suka amince da minti shida, daga tashar bas zuwa kududdufi. Sauran aka goge a gabana. Na sa hannu.

Na tura wa Rokeya da safe. Sai bayan la'asar ta kira, muryarta a dishe. Ta ce babarta ta saurara sau tara, ta ce kwale-kwalen ma yanzu babu shi, an yi gada.

"Apa," ta ce, haka suke kiran yaya mace, "iyakarsa ke nan?"

"Iyakar abin da zan iya ba ki ke nan."

Sai ta sake tambaya.

"Ya yi maganata?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Na yi masa alkawari, Rokeya."

Na ji numfashinta a cikin wayar, na jira ta zage ni. Ba ta zaga ba. Ta ce, "Amma dai ya yi." Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce to, ta gode, bari ta je, babarta na son a sake kunna mata.