Ƙusa Uku a Huhun Mijina

Mijina Zakariyya'u maganin ƙarfe yake sayarwa a Makera, kuma abin haushin, shi ma ya yarda da abinsa. Ranar Asabar ya tara 'yan banga a bayan gareji, ya sha garin maganin, ya tuɓe riga, ya ce a harbe shi da bindigar toka. Su kuwa me suke jira? Suka ɗirka masa.

A asibiti Dokta Scholastica ta ɗaga hoton ƙirjinsa, ta nuna mana guntayen ƙusa uku zaune daram a huhun dama. Ta ce jini na taruwa a ciki, in ba a yi masa tiyata yau ba, gobe sai likkafani.

Gogan naka, da robar iska a hanci, ya ture takardar sa hannu.

"Likita, kada ki wahalar da kanki. Wuƙarki ba za ta kama ni ba, karyewa za ta yi."

"To Malam, ƙusoshin nan fa? Na roba ne?"

"Wannan hannun maƙiya ne."

Jama'a, mutum leɓensa ya yi fari fat, yana numfashi kamar tsohon janareta, amma baki bai mutu ba! Tsoro ya kama ni, don duk wautarsa ina son abina. Na durƙusa a gefen gadon.

"Baban Mubarak, ka yafe mini. Saiwar nan da kake ba ni in daka, rabona da ita shekara biyu. Ta fi ƙarfin kafaɗata. Garin kuka da toka nake haɗa maka."

Wallahi ƙarya na shara masa. Kullum saiwar nake dakawa, har tafin hannuna ya yi kanta.

Ya zaro ido, ya kira ni azzaluma, sannan ya karɓi biro.

Awa huɗu suka yi a kansa. Suka ciro ƙusoshin, suka yanke wani ɓangare na huhun da ya lalace. Da ya farfaɗo, ya kamo hannuna, murya ƙasa-ƙasa.

"Hauwa, na yafe miki. Ashe maganina lafiyarsa ƙalau. Ki gaya wa 'yan banga su tanadi bindiga bayan Sallah, wannan karon da hannuna zan daka."