Kakan Bostião a Hayin Kogi

A Malvorim, yankan zangarniyar shinkafa ta farko ranar bikin girbi hakkin gidajen da suka kafa ƙauyen ne, kuma bana layi ya zo kan gidan Bostião Mascarenhas. Har ya ɗinka kwat. Sai shugaban kwamitin biki, Anacleto, wanda suka yi firamare tare kuma bai taɓa yafe wa Bostião tafiyarsa Bombay ba, ya ce sai ya kawo shaidar baftismar kakansa don tabbatar da asalinsa.

"Anacleto, a gonar kakan nawa ka koyi satar mangwaro."

"Mangwaro na sani, ranka ya daɗe. Takarda ce ban gani ba."

Fada Olavo, limamin cocin ƙauyen, ya sauko musu da littafin rajistar coci, wanda gara ta riga kowa karantawa. Ƙannen kakan duk suna ciki, kowa da ranarsa da iyayen baftismarsa, har da wanda bai kai yaye ba. Kakan ne kaɗai babu.

"Ƙila Allah ya san da shi," in ji Anacleto. "Mu dai kwamiti ne."

A gida Bostião ya tasa shinkafa da miyar kifi a gaba, ya kasa ci. Matarsa Perpétua ta tambaye shi inda aka yi wa ɗansu na fari baftisma.

"Garinku mana. Can kika je haihuwa."

"To kakanka ɗan fari ne ko ɗan auta?"

Ya ajiye cokali. Uwar kakan 'yar Sirdolim ce, ƙauyen hayin kogi, mutanen da Bostião ya yi rayuwarsa yana cewa miyarsu ruwa ce kuma ƙararrawar cocinsu tana da mura.

Ya hau jirgin fito da hula a kan ido. A littafin Sirdolim, wanda babu ko hujin gara a jikinsa, ga kakan nan cikin rubutun Fotugis mai lanƙwasa: ɗan halal na Mascarenhas, mutumin Malvorim. Fadan can ya buga hatimi da fara'ar da Bostião bai so ba.

Anacleto ya karɓi shaidar, ya ce doka ta tanadi a karanta ta a bainar jama'a. Ba wanda ya taɓa jin wannan dokar. Ya karanta bayan sujadar Lahadi, ya maimaita sunan Sirdolim don masu nauyin kunne.

Ranar biki Fada Olavo ya yayyafa wa gona ruwa mai tsarki, ya miƙa wa Bostião lauje. Yana sunkuyawa kenan sai jirgin fito ya sauke mutanen Sirdolim da makaɗan badujalarsu, sun zo taya ɗansu murna. Bostião ya yanki zangarniyar, ya ɗaga ta sama sosai, yana duban wani gefe.